Mai Faci da Keken Inna

Yayana ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun muna yara haka yake, girma kuma bai rage masa komai ba. Ko abinci a tsaye yake ci, kwano a hannu, yana leƙen titi kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Mai Faci unguwa take kiransa, don sana'arsa ke nan. Rumfarsa tana bakin babban titi, daidai inda lungunmu ya ɓullo, kayan aikinsa kuwa famfon iska ne, da bahon ruwan da yake tsoma robar taya ya ga inda take fitar da kumfa, da akwatin ƙarfe cike da sifanonin da shi kaɗai ya san wanne ke kamawa. Ni ce autar gidanmu, shagon ɗinkina yana fuskantar rumfar, saboda haka abin da zan faɗa a kansa yawanci da idona na gani.

Bai taɓa yin arziki ba, kuma ban ga alamar zai yi ba. Mutumin da zai buga wa ɗan makaranta iska ya ce je ka, ya yi wa mai tura ruwa faci ya ce sai ka samu, ina zai tara abin duniya? Na sha yi masa faɗa a kan haka. Sai ya ce mini iska ta Allah ce, shi hannu kawai ya sa. In na ce gam da roba fa, su ma daga sama suke sauka? sai ya yi kamar wani ya kira shi daga tsallaken titi, ya wuce ya bar ni ina magana ni kaɗai.

Abin da ya fi shahara da shi dai keken Inna ne. Mahaifiyarmu ta daina tafiya a ƙarshen rayuwarta, muka haɗu mu 'ya'yanta muka saya mata keken guragu mai kyau, mai tayar iska da matashin fata. Da Allah ya karɓi abarsa, ni na ce a sayar, don ganinsa a kusurwar ɗaki yana tsinka mini zuciya. Yaya ya ce atafau. Ya fitar da shi tsakar gida ya wanke, ya sa masa mai, ya ɗaure duk abin da ya kwance, sannan ya ce daga ranar keken ba namu ba ne. Sadakar Inna ce, duk wanda ƙafa ta gaza masa a unguwa ya zo ya ɗauka, ladan ya riƙa iske ta a kabari.

Ya kafa wa kansa doka, kuma ya riƙe ta fiye da yadda yake riƙe alƙawarin masu kawo gyara. Ba ya karɓar komai a kan keken, ko lemo. Duk Juma'a da safe zai saɓa famfo a kafaɗa ya tafi gidan da keken yake, ya ƙara iska, ya duba birki, ya gaida mara lafiya. Ba ya kuma taɓa tambayar yaushe za a dawo da shi. Ya ce keken nan hanya biyu yake dawowa, ko mutum ya warke ko ya rasu, wanda duk ya je ya ce yaushe za ku kawo, to tambaya yake yaushe mai gidanku zai mutu. Da daɗewa muka gane bambancin daga nesa. In an warke, mai shi ne yake turo keken da kansa yana ɗingishi yana dariya. In ɗaya hanyar ce, wani ɗan gidan ne yake turo shi wayam, kansa a sunkuye.

Keken ya zaga gidaje da yawa. Mai sayar da gawayi ta karye a ƙugu, ta yi zamanta a cikinsa har ta miƙe. Wani malamin makaranta da mota ta buge ya riƙa zuwa aji a kansa. Saboda shi ne wani magini ya zuba gangaren siminti a ƙofar masallaci ba tare da kowa ya sa shi ba, saboda shi ne kuma gidajen da ba sa ga maciji da juna suka fara gaisawa, don wanda ya gama da keken shi yake nuna wa na gaba yadda ake naɗe shi. Ni da na ce a sayar, na zo na yi shiru da bakina. Duk sanda na ga an wuce da wani a ciki sai in ji kamar Inna ce ta fito unguwa.

Na ƙarshe da ya karɓa shi ne Baba Direba. Dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin manyan motoci, mai faɗa da barkwanci, ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, ta hagun ma ba ta da ƙarfi. Kowa ya san wannan aron ba na warkewa ba ne, Yaya ma ya sani, amma da hannunsa ya kai masa. Baba Direba ya mayar da keken tamkar babbar motarsa. Da shi yake shiga banɗaki, da shi yake fitowa ƙofar gida shan hantsi, da shi yake gangarawa masallaci yana yi wa mutane hon da baki. Yaya yakan ce tun da aka fara ba da aron nan Inna ba ta taɓa samun mai kai mata lada sau biyar a yini ba sai yanzu.

Ana nan sai ciwo ya shigo gidanmu. Matar Yaya, wadda nake kira matarmu tana kirana ƙaramin miji, mace ce mai jiki da murya, ita take riƙe da gidan da bakinta da hannunta. Wata safiya tana shanya sai ta zame ta zauna, bakinta ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Da aka sallame ta, likita ya kira mu ni da Yaya ya yi mana magana ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a riƙa kawo ta gashi, inda ake ɗumama gaɓoɓi ana motsa su, kuma watannin farko su ne komai. In aka yi sake ƙafar ta sandare, to ta sandare ke nan.

Matsalar ita ce lungunmu. Mota ba ta shiga, ga shi dogo, ga kwata a tsakiya, gidan Yaya kuma yana can ƙurya. Ranar zuwa ta farko maza huɗu suka ɗauko ta a tabarma. Mutane suka tsaya a ƙofofinsu suna sannu, zanenta ya zame a hanya, ba ta da hannun gyarawa. Ba ta yi kuka a gabansu ba, sai da muka dawo ta juya fuska bango, ta ce da bakinta da ba ya fita sosai, ba ta mutu ba tukuna, kada a sake ɗaukarta kamar gawa. Yaya ya gwada goyo, shi da ba shi da nauyin buhun gawayi, suka durƙushe tare tun kafin su fita zaure. Wani maƙwabci ya kawo baro da zuciya ɗaya, ta kalle shi kallon da ya sa ya mayar da kayansa.

Sayen sabon keke ba ya cikin lissafi, asibiti ya riga ya lashe abin da muke da shi. Unguwa kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Kwanukan abinci suka riƙa shigowa har ba mu san masu su ba, mai gawayin nan ta ɗauke wankin gidan gaba ɗaya, malamin makaranta ya riƙa kawo magani. Liman ya ce zai yi sanarwa bayan salla a haɗa a sayi wani keken, Yaya ya roƙe shi don Allah kada ya yi. Ya ce in aka ambaci keke a masallaci kowa zai waiwaya ya kalli Baba Direba, shi kuma ba zai tozarta dattijo a sahu ba. Na ce to a je a yi magana da shi a gida, a raba, ita da safe shi da yamma. Yaya ya ce mutumin da ko banɗaki ba ya shiga sai da keken, ta yaya za a raba? Ya ce in bar shi, yana neman hanya. Hanyar da yake nema ita ce zirga-zirga tsakanin rumfa da gida, ya leƙa ɗakinta, ya dawo ya kwance tayar da ya riga ya ɗaura.

Wata ranar da hantsi ina kan ɗinki sai na hango babban ɗan Baba Direba, wanda yake aikin walda, ya fito daga lungu yana turo keken ba kowa a ciki. Na ajiye almakashi. Yaya ma ya gani, ya miƙe da sifana a hannu, na ga bakinsa yana motsi. Mai waldan ya yi sallama, ya ce Baba lafiyarsa ƙalau, shi ne ma ya aiko shi, ya ce a kai wa maman yara ta riƙa zuwa asibiti. Na ce alhamdu lillahi a bayyane, har na fara tsallako titi.

Yaya ya haɗe rai, irin haɗewar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya tambayi mutumin ko ƙafar Baba ta tsiro ne. Ya ce a'a. Yaya ya ce to ya juya da shi, keken Inna ba ya barin gidan da ake bukatarsa, kuma su ba su roƙi kowa ba. Mai waldan ya yi ta ba shi baki, Yaya ya tsuguna ya tsoma roba a ruwa kamar ba da shi ake ba. Haka mutumin ya juya da keken a gaban jama'a. Ni kuwa na faɗa wa yayana maganganun da ba a faɗa wa na gaba, a bakin titi, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Daga ranar abin ya ƙara lalacewa. Juma'a ta zo, Yaya ya saɓa famfo, ya kai bakin layin su Baba Direba, ya tsaya, ya dawo. Ya ce in ya shiga za a ce keken ya zo dubawa. Ta gaba ma haka. Ya daina bi ta layin kwata-kwata, yana zagaye ta bayan makaranta. Aikinsa ya fara dawo masa, ya yi faci yau gobe a kawo tayar ta sace. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya koma cin abinci rabi ya ajiye kwanon a kan taya ya manta. Sai kuma aka lura Baba Direba ya daina zuwa masallaci, ba a ganinsa ko a ƙofar gida. Matarmu tana kwance, ni nake murza mata ƙafar da man zafi yadda na ga ana yi, ina jin gwiwar tana ƙara tauri a hannuna mako bayan mako. Ba ta taɓa ambatar keken ba. Takan ce dai, ƙaramin miji, hannunka ba ƙarfi, ta yi dariya da rabin baki.

Ranar da na kasa miƙar da ƙafar gaba ɗaya, na fito na same shi a tsakar gida yana gyara ƙofar da ba abin da ya same ta. Na ƙwace guduma daga hannunsa, na ce yau sai ya gaya mini wace irin sadaka ce take gurgunta matar mutum. Na zaci zai yi mini tsawa. Sai ya zauna a bakin rijiya, ya rufe fuska da tafukansa.

"Auta, ranar da na hango keken nan wayam, kin san abin da ya fara zuwa zuciyata?" in ji shi. "Daɗi na ji. Kafin in ce Inna lillahi, daɗi na fara ji, na ce ta samu. Mutumin da nake gaisarwa duk Juma'a, na yi murnar mutuwarsa. Sai aka ce mini yana raye. Da wane hannu zan karɓa?"

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi yawa. Na ce masa abin da ya ɗarsu a zuciya ba da son mutum ba, Allah ba ya kama bawa da shi, ya je ya tambayi Liman in bai yarda da ni ba. Na ce in ma laifi ne, shi ya yi, don me ƙafarta za ta biya? Ya ce ban gane ba. Na ce ƙwarai ban gane ba, na yafa mayafi na fita.

Gidan Baba Direba na nufa kai tsaye. Ina shiga zaure na yi karo da keken a jingine, an wanke shi an lulluɓe da tsohon zane, tayoyin duka biyu sun kwanta, ƙura ta hau zanen. Surukarsa ta fito, da ta ga ni ce sai idonta ya ciko. Ta ce tun ranar da aka dawo da keken Baba ya rantse ba zai sake zama a kansa ba muddin maman yara tana kwance. Da gindi yake jan jiki zuwa banɗaki, tafukansa duk sun yi kanta. Masallaci kuwa ya ce ba zai je a ɗauke ba, kuma ba zai iya haɗa ido da Mai Faci ba, tun da har ya daina zuwa buga iska, ai fushi yake.

Na tsaya a zauren nan raina yana tafasa. Maza biyu, kowanne yana ganin shi ne mai kawaici, sun jingine keke a bango ba mai hawa, mace tana can ƙafarta tana bushewa. Na shiga na gaida Baba Direba a kan tabarmarsa, ya rame shi ma, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ban yi masa kwana-kwana ba. Na gaya masa halin da ƙafar take ciki, na gaya masa ba fushi ne ya hana Yaya zuwa ba, kunya ce. Abin da Yaya ya faɗa mini a bakin rijiya ne kawai na riƙe. Na ce zan tafi da keken yanzu, in Yaya ya ga dama ya kore ni daga dangi.

Baba Direba ya ce in bari, in na kai zai sake dawowa da shi, ya san irin kan yayana. Ya sa surukarsa ta miƙo masa hula da tsummoki biyu, ya naɗe tafukansa, ya ce ni dai in riƙe masa ƙofa.

Abin da ya biyo baya unguwa ba ta daina maganarsa ba. Dattijon ya fito yana jan gindi, ya tura keken gaba da hannu ɗaya, ya dafa ƙasa ya matsa, ya sake turawa. Tayoyin da ba iska suna ta lanƙwashewa, keken yana karkata wajen kwata, yana jawo shi yana zaginsa kamar yaron mota. Mutane suka firfito. Duk wanda ya sunkuya zai taimaka sai ya ce masa ya ja baya, lodinsa ne, shi zai kai. Ina biye da shi a baya ban san inda zan sa hannuna ba. Kafin mu kai bakin titi rigarsa ta jiƙe sharkaf, tsumman hannunsa ɗaya ya kwance ya bar shi a hanya.

Wani ya riga mu kai labari. Yaya ya taho a guje ba takalmi, ya zube a gabansa yana cewa Baba don Allah, Baba mene ne haka, yana ƙoƙarin ɗaga shi ya sa a keken. Baba Direba ya buge hannunsa. Sai da ya huta numfashinsa ya dawo sannan ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba.

"Kai kaɗai kake son lada a unguwar nan?" ya ce. "Shekara da shekaru kana bayarwa muna karɓa, ba wanda ya ce maka a'a. Ni yanzu ba ni da mota, ba ni da ƙafa, ba ni da abin da zan miƙa wa wani don Allah sai wurin zaman nan. Sau ɗaya na miƙa, ka mayar mini a gaban mutane. In na je gaban Ubangijina in ce me na kawo?"

Yaya ya ce, "Baba, ban cancanci karɓa ba. Akwai abin da ba ka sani ba."

"Ba kai na ba wa ba," in ji dattijon. "Abin da ke tsakaninka da Allah ka je ku gama. Ita na ba wa. Tashi ka sa masa iska."

Yaya ya tashi. Aka miƙo masa famfo daga rumfa, ya durƙusa a tsakiyar lungu yana bugawa, hawaye yana zuba a kan hannunsa, bai share ba. Da ya gama ya juya wa Baba Direba baya ya tsuguna, dattijon ya yi gardama kaɗan sannan ya kama wuyansa. Wannan goyon ya iya, don tsohon ba sauran nauyi a jikinsa. Mai walda da ya iso a makare ya tallafa ta baya suka mayar da shi gida. A ranar, da la'asar, maza biyu daga sahun farko suka je suka ɗauko shi a kan kujerar roba zuwa masallaci, kuma daga nan abin ya zama aikin layin, wanda ya riga fitowa shi ne yake ɗauka. Baba Direba bai fasa yi musu hon da baki ba.

Ni na tura keken zuwa ɗakin matarmu. Ta daɗe tana kallonsa, ta tambaya ko Baba ya rasu ne. Na ce yana nan da ransa, shi ya kawo da hannunsa. Ta sa hannun hagu ta shafa matashin, ta yi masa addu'a, ta yi wa Inna, sannan ta ce in nemo mata mayafinta mai kyau, ba za ta fita unguwa kamar mara gata ba.

Washegari da safe muka fita da ita a zaune, tana amsa gaisuwa da kai. Yaya yana turawa, yana kaucewa kwata, yana ta magana ba tsayawa, wai yanzu komai zai daidaita, wai kafin a ankara ita za ta turo keken da kanta ta mayar wa Baba. Ni kuwa na san abin da hannuna yake ji a gwiwar nan.

Mai gashin mace ce mai natsuwa. Ta kwantar da matarmu a gado, ta ɗumama ƙafar, ta kama dunduniya ta fara miƙarwa a hankali. Gwiwar ta tafi kaɗan ta tsaya. Ta sake gwadawa, matarmu ta cije leɓe, gwiwar ta tsaya a inda ta tsaya da farko. Matar ta duba katin, ta dubi ranar da aka sallame mu, ta ɗago ta kalle mu. Ta ce za a yi abin da za a iya, da yardar Allah za ta tsaya, wataƙila ta taka da sanda, amma ƙafar ba za ta koma yadda take ba, an bar ta ta daɗe. Sannan ta tambayi Yaya, ba da faɗa ba, me ya tsayar da mu duk tsawon wannan lokaci.

Yayana ya sunkuyar da kai. Ya dubi hannuwansa, ya dubi keken da ke jingine a bakin ƙofa. Na yi niyyar in amsa, don amsar tana bakina tun tuni, sai matarmu ta ɗaga hannunta mai lafiya ta tsayar da ni. Ta juyo da kai wajen mai gashin, ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda take yi tun da ciwon ya same ta.

"Lada muka tsaya nema, likita," ta ce. Sai ta kamo hannun rigar mijinta ta jawo shi kusa da gadon. "Zo ka riƙe ƙafar nan ta nuna maka yadda ake yi. Hannun Auta ba ƙarfi."